Babban Inji a Motar Surukina

Ku samarin yanzu a waya kuke ganin abin. Kafin mutum ya shanye kofin shayi an ciro inji an saka wani, mota ta tashi tana ruri, mai ɗaukar hoton yana dariya. Sai ku zo garaji ku ce mini, "Baba Mamman, ai notuna ne kawai, a kwance a ɗaure." To ku nemi wuri ku zauna. Ni na taɓa saka wa ƙaramar mota injin da ya fi ƙarfinta, sau ɗaya, kuma ban ƙara ba.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a wanke notuna ne cikin kwanon gazuwal, wato man dizal. Maigidana Usta Garba, Allah ya jiƙansa, garajinsa yana bayan tashar mota a nan Tawa. Yatsu uku gare shi a hannun hagu, sauran biyun inji ne ya sauka a kansu wata rana da sarƙa ta suɓuce. Bai taɓa yi mini dogon jawabi a kan haka ba. In ya ga na kai hannu ƙarƙashin inji yana rataye, sai kawai ya ɗaga hannun nan nasa ya sa mini a gaban ido. Na daɗe ina wanki da miƙa kaya kafin ya yarda in riƙe kile, wato sifana, kuma sai da na iya zura hannu cikin akwati ban duba ba in zaro wadda ya ce. Da ƙarfinsa ya ƙare ya bar mini palan ɗinsa, sarƙar nan mai ƙafafun ƙarfe uku da muke ɗaga inji da ita.

Masu kawo mini aiki yawancinsu direbobin ƙauye ne, masu zuwa Kalfu da Barmu da Tebaram ranar kasuwa. Duwatsun Adar sun gama kakkarya motocinsu, rairayi ya gama cinye abin da ya saura. Mutum zai zo maka da ƙofa ɗaure da igiya, ya ce gobe kasuwa, a yi mishi dabara. Dabara kuwa mun iya ta. Amma akwai inda take ƙarewa, dole sai an sami ƙarfen da ya dace da wurin.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mafi wuya da na gani. Kayan gyaranmu ta Ƙonni suke shigowa, aka wayi gari sun ɗauke. Wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa. Muna kwance wannan mota mu tayar da waccan, abin da a da muke jefarwa bayan garaji muka koma muna tonowa muna wankewa. A cikin wannan hali ne aikin surukina ya same ni.

Isuhu sunansa, mijin ɗiyata Hasiya. Ya yi shekaru yana bida a kurmi, ci-rani a garuruwan bakin teku, ya dawo da niyyar zama gida. Ya sayi ƴar ƙaramar mota irin wadda ake taksi da ita cikin gari, ya cire kujerun baya, yana loda sandunan ƙanƙara cikin ƙaiƙayi da buhuna yana kai wa ƙauyukan hanyar Barmu. Sana'a ce mai tafiya lokacin zafi, balle da azumi. Abin da ya hana shi sakat rairayi ne. Da ya shiga kori, wato busasshen rafi, sai motar ta kafe, yana tono yana kallon ƙanƙararsa tana ɗiga ta ƙarƙashin ƙofa. Ya yi ta matsa wa injin lamba har wata rana ya yi zafi ya ƙone, aka jawo motar zuwa garajina. Na buɗe na duba, babu abin da za a ceta.

Tsakanina da Isuhu akwai kunya irin ta surukai. In ya zo gaishe ni daga nesa yake durƙusawa. Ba ma cin abinci wuri ɗaya, kuma ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, Malam nake ce mishi. In ina da magana mai nauyi sai in bi ta bakin Agali, mai walda, Buzu ɗan gidan maƙera daga arewacin Adar, wanda rumfarsa take jikin garajina. Tare muka tsufa da shi.

Wata safiya sai ga Isuhu yana biye da amalanken jaki, an lulluɓe kayan da tabarma. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya yaye tabarmar.

"Baba, na samo inji."

Na zagaya amalanken. Injin babbar mota ne irin ta manyan ma'aikata, haɗe da akwatin giyarsa. Motar ta kife ne a wani wuri, masu fasa tsoffin motoci suka rarraba ta. Na sa kile na juya shi, yana juyawa lafiya ƙalau. Inji ne mai kyau, amma ya kusa ninka na motarsa a ƙarfi da nauyi.

Na ce, "Malam, wanga inji ba na motarka ba ne."

"Na sani, Baba. Irin nata babu shi, na nema har na gaji. Wanga kuwa rairayi ba zai tsai da shi ba."

"Ƙafafun gaban motar da aka ciro shi a jikinta fa, da burkinta, suna nan?"

"An riga ni, Baba. Wani ya saye su."

Na sa aka sauke injin a gindin itacen bedi. Da ya tafi na shiga rumfar Agali na ce ya gaya wa yaron nan ba zan yi aikin ba. Injin zai ja motar kamar doki, amma burkin da ke jikinta an yi shi ne don ɗaukar mutum huɗu cikin gari.

Agali ya gyara rawaninsa ya ce, "Mamman, wannan maganar ta fi ƙarfin bakina. Duk abin da ya tara a kurmi yana cikin ƙarfen nan biyu."

Da la'asar Hasiya ta zo da kanta, goye da ƙaramin ɗanta, da kwanon fura a hannu. Ba ta saba zuwa garaji ba. Ta ajiye furar ta zauna kan wata tsohuwar taya, ta daɗe tana kallon injin.

"Baba, in motar ga ba ta tashi ba kafin azumi, arewa zai tahi. Abokansa sun gama shiri, ta hamada za su bi zuwa Libiya. Yana cewa ba zai zauna yana kallona ni da yara ba abin yi."

Na ce, "Hasiya, injin ya fi ƙarfin burkin. Mota ce za ta gudu ta ƙi tsayawa."

"Ni ban san burki ba, Baba. Na dai san waɗanda suka bi hanyar nan ba duka aka sake jin labarinsu ba."

Washegari na kafa palan.

Ranar da muka fara sauke injin cikin motar, ko rabi bai shiga ba ya tokare. Muka ɗaga, muka juya, muka sake saukewa, ya tokare ta ɗaya gefen. Wuraren da ake ɗaure tsohon inji babu wanda ya zo daidai da sabon. Na yanka kwali na riƙa fitar da siffar kowace ƙafa da za ta riƙe shi, Agali yana yanko ta daga kaurin ƙarfen wata tsohuwar babbar mota. Walda kuma sai da wuta. Wani lokaci mu zauna tun hantsi har azahar muna kallon ƙwan fitila. Da ya kama, ko loma ce a hannun Agali sai ya ajiye ya ruga. Da injin ya zauna, murfin gaba ya ƙi rufuwa, muka yanka tsakiyarsa muka ɗaga shi ya yi tozo kamar na raƙumi. Gaban motar ya durƙusa saboda nauyi, na nemo wasu ƙarafan naɗi masu tauri na canza mata. Tukunyar ruwan sanyaya inji ta yi kaɗan, na ciro ta wata akori-kura na matsa ta a wurin, na haɗa fankarta da maɓalli a kusa da sitiyari don direba ya kunna da hannunsa.

Kardan ya fi komai cin ranmu, sandunan ƙarfen nan biyu da ke ɗaukar juyin inji su kai wa tayoyin gaba. Bakin da ke shiga akwatin giya dole ya zama na babbar mota, bakin da ke shiga taya kuma na ƙarama. Muka yanka kowanne gida biyu, Agali ya fere bakunan ya haɗa rabin wannan da rabin wancan ya ɗinke da walda. In ya gama sai ya mirgina sandar a kan faifan ƙarfe, ya kwanta rub da ciki yana leƙen ƙarƙashinta. In ya ga ta ɗan yi rawa, ya yanke ya sake. Na tambaye shi, in ta ɓalle a guje fa?

Ya ce, "Inda na ɗinka ba zai ɓalle ba. Sauran wurin kuma ka tambayi wanda ya ƙera."

Burki na bari ƙarshe, don na san ba ni da abin da zan yi mishi. Faifan gaba bai fi murfin kwano ba. Sabbin takalman burki babu su a kasuwa, sai tsoffin na sake wa fata na buga musu ƙusa. Na zubar da tsohon man burki na zuba sabo, na fitar da iska har feda ta yi tauri. Na yi tunanin in liƙa noti a ƙarƙashin totur don kada ya taku har ƙasa, amma a rairayi ana bukatar ƙarfin duka, in na toshe shi aikin ya zama banza. Na zagaya da motar cikin gari babu kaya, tana tsayawa. Amma cikin gari ba inda za a yi gudu, kuma ba ƙanƙara a baya.

Na sa Agali ya gaya wa Isuhu sharuɗɗana: ya rage lodi, ya tafi a hankali, a gangare ya riƙe motar da giya, kada ya dogara da ƙafarsa. Isuhu ya ce ya ji ya yarda. Duk da haka na ce tafiyar farko da ni za a yi. An riga an kama azumi, ranar kuma kasuwar Barmu take ci.

Da muka je ɗaukar kaya wurin mai injin ƙanƙara, na tsaya ina kallon bayan motar yana sauka. Na yi gyaran murya. Isuhu ya dube ni, ya sa aka mayar da sanda biyu. Ni da so samu ne rabi za a mayar, amma kunya ta hana ni matsawa, na shiga gaba. Tun da aka ɗaura aurensu ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Kowannenmu ya kafa ido a hanya.

Muka fita daga gari rana tana tsaka. Korin farko da muka iso, wanda ya saba kafewa a cikinsa, Isuhu ya sa giya ta biyu ya taka. Motar ta yi gurnani, ta watsa rairayi ta gefe biyu, ta haye ɗaya gaɓar kamar ba a yi komai ba. Ya buga sitiyari da tafin hannu yana dariya, ya manta da wanda ke gefensa.

"Baba, ka gani? Ka gani?"

Na gani. Amma daga nan ƙafarsa ta yi nauyi. Hanyar ta hau kan tudu, jar ƙasa da tsakuwa, ga ramuka nan da can. Sai ya taka totur motar ta zabura, ya hango rami ya danne burki, ya wuce ya sake takawa. Ni idona ba ya kan hanya, yana kan ƙafarsa ta dama. Na lura duk takawa fedar tana ƙara nitsewa kaɗan. Can sai na ji wari, irin na fatar burki in ta fara toyuwa.

Na ce, "Malam, da mun ɗan tsaya a inuwar can ƙafafun su huce."

"Baba, ƙanƙarar tana zuba. Da mun sauka gangaren can shi ke nan, sauran shimfiɗe ne."

Na sake cewa, "A dai riƙa sassautawa." Ya ce to, ya sassauta na ɗan lokaci.

Gangaren dogo ne, ya bi gefen dutse ya karkata, ya sauka kan wani kori mai faɗi kusa da rijiyar wani ƙauye. Muna zagayo kwanar na hango ƙasa. Mata ne da amalanken jaki cike da jarkokin ruwa suna tsallaka hanya, bayansu garken awaki. Isuhu ya taka burki. Na ga ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu abin da ya tare ta. Ya ɗago ya sake takawa, ya sake. Motar tana ƙara gudu, nauyin injin yana jan ta gaba, ƙanƙara tana tura ta ta baya. Ya danna oda, jakin ya tsaya cik a tsakiyar hanya.

"Isuhu! Bar burkin! Giya ta biyu, yanzu!"

Ya cusa giyar, akwatin ya yi ƙara kamar zai fashe, injin ya yi kururuwa, motar ta ɗan ja baya. Na kama burkin hannu ina ja kaɗan kaɗan, don in na fizge shi bayanta zai juyo mu kife. Bai isa ba. Ina ganin fuskokin matan, wata da goyo ta saki igiyar jaki ta tsaya ta kasa motsi.

"Dama! Shiga rairayin dama, Isuhu, kada ka dubi jakin!"

Ya murɗa sitiyari. Muka bar hanya, muka tsallake wata ƴar kunya ta tsakuwa, gaban motar ya nutse cikin tarin rairayin gaɓar kori. Ƙanƙarar duka ta taho gaba ta daki bayan kujerunmu. Ƙirjin Isuhu ya bugi sitiyari, goshina ya bugi gilashi. Injin ya mutu, sai ƙarar tururi kawai daga tukunyar ruwa da ta fashe.

Da na fito jini yana shiga mini ido, na juya na dubi sawun tayarmu. Tsakaninsa da amalanken bai fi kamu biyu ba. Matar nan mai goyo ba ta yi ihu ba, ba ta zage mu ba. Ta je ta gyara wata jarka da ta karkace, ta ɗaure ta sosai, sannan ta zauna a ƙasa. Ta kwanto yaron ta riƙa shafa kansa tana salati. Isuhu ya fito dafe da ƙirji ya durƙusa nesa da ita.

"Inna, ki yi haƙuri. Don Allah ki yi haƙuri."

Ta dube shi ta ce, "Ɗana, kai ma kana da yara?"

Ya ce yana da su. Ta ci gaba da shafa kan yaron.

Na sunkuya na kai hannu kusa da faifan burki, ban taɓa ba, hucinsa kaɗai ya kore ni. Ƙarfen ya canza launi ya yi shuɗi. Na leƙa ƙarƙashi, ɗinkin Agali yana nan daram. Mutanen ƙauyen suka taru, wani tsoho ya ɗaure mini goshi da gefen rawaninsa. Ƙanƙarar ba inda za ta je, Isuhu ya ce kowa ya kawo kwano. A nan muka sha ruwa da su da magariba, washegari wata babbar mota mai komowa daga kasuwa ta jawo mu Tawa.

Da aka kwance igiyar a garaji na zare makullin na sa a aljihuna. Wannan karon ban nemi Agali ba.

Na ce, "Malam, motar ga ba za ta fita daga nan ba sai na samo mata ƙafafun gaba da burkin da ya yi daidai da injin."

"Baba, zan tafi a hankali. Na ga abin da idona, wallahi ba zan ƙara ba."

"Na yarda da kai. Ban yarda da gangaren ba."

"Azumi zai wuce, Baba."

"Sai ya wuce."

Ya daɗe a durƙushe kansa a ƙasa, sannan ya ce Allah ya huta gajiya, ya tashi ya fita.

Tukunyar ruwa na gyara ta cikin ƴan kwanaki. Burki ne ya gagara. Duk wanda na sani a sana'ar nan na kira shi, daga Ƙonni har Maraɗi har Agadas. Duk direban da ya shigo garaji sai na kwatanta mishi abin da nake nema, in ce ya riƙa leƙa wurin masu fasa motoci. Wani ya kawo mini wasu, na gwada, ramukan notunan ba su hau ba. Aka yi sallah motar tana gindin bedi. Hasiya tana aiko da abinci kamar kullum, amma ta daina zuwa da kanta.

Bayan sallah kaɗan Isuhu ya zo da ƴar jaka a kafaɗa. Ya durƙusa a inda ya saba.

"Baba, zan tahi arewa. Ga Hasiya da yara nan, amana."

Hannuna yana cikin aljihu a kan makullin. Injin lafiya lau yake, da na miƙa mishi a ranar zai iya loda ƙanƙara. Agali ya tsai da aikinsa yana kallona ta ƙofar rumfa. Na fito da hannun babu komai, na yi mishi addu'a, na ce ya riƙa ɗaukar ruwa fiye da yadda abokansa suka ce ya isa. Ya ce to, Baba.

Ya kira Hasiya sau ɗaya daga Agadas, daga nan shiru. Zafi ya wuce, damina ta sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, babu labari. Direbobi kuwa ba sa rasa abin faɗa. Wannan ya ce an tsinci wata mota a hamada ba kowa a ciki, wancan ya ce an tare wasu an tsare. In suka fara sai in shiga ƙarƙashin mota da kile ko da ba abin da zan ɗaure. Hasiya ta koma zuwa garaji, don a gida ba wuta, ni kuwa ina da batirin mota da nake sa wa mutane caji. Kullum da hantsi za ta zo ta maƙala wayarta ta zauna kan tayar nan. Ba ta taɓa ce mini ga abin da na jawo ba. Gaisuwa kawai, sai kallon waya.

Wajen kaka wani direban babbar mota, cikin waɗanda na bar wa sallahu, ya sauke mini buhu daga Agadas. Na kwance, ƙafafun gaba ne guda biyu cikakku da faifansu, faɗinsa ya kusa na faranti, da tukunyar man burkin da ke tafiya da su. Sai da Agali ya sake fere kardan, sai da na nemo manyan tayoyi don faifan ya sami wurin juyawa. Da muka gama na cika buhuna da rairayi na loda fiye da nauyin ƙanƙarar da muka ɗauka, na tafi ni kaɗai har gangaren nan. Na sauko, na taka, ta tsaya. Na juya na hau na sake saukowa da gudu, ta tsaya. Na yi ta yi har matan rijiya suka daina ɗiban ruwa suna kallon tsohon da ya haukace. Na sa hannu kusa da faifan, ɗumi kawai. Na komo na ajiye ta, na lulluɓe da tamfol.

Ana cikin sussukar gero wayar ta yi ƙara. Ina ƙarƙashin wata mota na ji Hasiya ta ce "Alo" da wata irin murya, na turo kaina waje. Tana tsaye, hannu ɗaya a kan baki. Isuhu ne. An tsare su wani wuri an karɓe musu wayoyi, da ƙyar suka fita, yanzu yana aikin gini a wani gari. Ta yi magana da shi tana kuka tana dariya, sannan ta miƙo mini.

"Baba, ina wuni. Ina gajiya."

"Lafiya lau, Malam. Jikinka fa?"

"Da sauƙi, Baba." Sannan ya ce, "Motar tana nan?"

Na je na yaye tamfol, na shiga na murɗa makulli, na fito da wayar ta taga kusa da murfin gaba na ɗan taka totur. Da na mayar da ita kunne, numfashinsa kawai nake ji.

Can ya ce, "Baba, taka burkin in ji."

Agali, da ya matso yana saurare, ya tuntsire da dariya. Ni dai na taka, fedar ta tsaya da tauri a rabin hanya.

"Ban ji komai ba, Baba."

Na ce, "Haka ake so. Mai lafiya ba ya ƙara."

Ya ce in Allah ya yarda zai taho kafin azumi, da ya sami motar da ya amince da ita. Layin ya yanke kafin Hasiya ta sake karɓa. Hanyar da ya bi ya tafi ita zai biyo ya komo, ba wata. Azumin kuwa ya matso. Shekaranjiya na canza mata mai na duba iskar tayoyi, Hasiya kuma ta fara tara ƙaiƙayi a buhuna.